Mece ce ma'anar "quid", sunan da Turawan Birtaniya ke kiran kuɗinsu da shi?

Baƙon da ya sauka a birnin Landan, ya shiga kanti ko ya tsayar da motar haya, da wuya ya kwana biyu bai ji kalmar "quid" ba.

Kalma ce da ba a rubuta ta a jikin ko wace takardar kuɗi ko sulalla na Birtaniya ba, kuma ba a koyar da ita a yawancin littattafan Turanci na makarantu. Amma duk da haka babu kalmar da ta kai ta yawo a bakin mutanen ƙasar idan ana maganar farashi.

Ana furta ta ne kamar "kwid", kuma ma'anarta fam guda na Ingila. Idan mai kanti ya ce "ten quid", yana nufin fam goma ke nan, babu ragi babu ƙari.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a fahimta, domin akwai baƙi da dama da ke zaton wani kuɗi ne dabam, ko kuma wani ɓangare ne na fam, kamar yadda kwabo yake ga naira. Ba haka ba ne. Fam da "quid" abu ɗaya ne, bambancinsu kawai shi ne wurin da ake faɗin kowannensu, da kuma wanda ake faɗa wa.

Yadda ake amfani da ita

A ƙa'idar Turanci, idan abu ya wuce ɗaya akan ƙara masa harafin "s" a ƙarshe. Shi ya sa ake cewa "one pound" amma "ten pounds".

Kalmar "quid" ba ta bin wannan ƙa'ida. Ko fam ɗaya ne, ko hamsin, ko miliyan, tana nan yadda take: "a quid", "fifty quid", "a million quid". Wanda ya ce "fifty quids" za a gane abin da yake nufi, amma nan take za a san cewa baƙo ne.

Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuya ba, tun da shi ma "naira goma" yake cewa, ba "nairori goma" ba.

Wuri guda ne kawai ake jin kalmar da harafin "s", wato a cikin karin maganar "quids in". Ana faɗin haka ne ga mutumin da ya ci riba a wata harka, musamman ribar da bai sha wahala sosai a kanta ba. Alal misali, wanda ya sayi tsohuwar mota da arha ya sayar da tsada, sai a ce ya zama "quids in", wato kakarsa ta yanke saƙa.

Haka kuma galibi ana amfani da kalmar ne ga kuɗin da ya cika cif, ba tare da 'yan kwabbai a kai ba. Idan farashin abu fam biyar ne da kwabo hamsin, abin da aka fi ji shi ne "five fifty" ko "five pounds fifty". Idan kuwa fam huɗu ne da kwabo casa'in da tara, irin farashin da kantuna ke son liƙawa, mai saye zai ce ya saye shi "five quid", ya huta da lissafi.

Akwai kuma wani amfani da kalmar ke da shi wanda ba a cika lura da shi ba. A Turanci, "pound" na nufin abu biyu: kuɗi, da kuma ma'aunin nauyi, wanda Hausawa ke kira laba, wato kimanin giram 454. Mai sayar da tuffa a kasuwa kan iya cewa laba guda fam guda ce, kuma duka biyun "pound" zai ce. Amma "quid" ba ta taɓa nufin nauyi. Da zarar an ambace ta, an san kuɗi ake nufi.

Inda baƙo ya fi samun matsala shi ne wajen kalmomin "a few quid". A zahiri ma'anarsu 'yan fam kaɗan ne, kuma sau da yawa hakan ake nufi, kamar idan aboki ya nemi rancen kuɗin mota.

Sai dai kuma an san Turawan Ingila da ɗabi'ar rage girman abu a magana. Idan aka ce wani mutum yana da "a few quid", to ana nufin attajiri ne. Idan aka dubi sabon gidan wani aka ce lalle ya ci "a few quid", ana nufin ya ci maƙudan kuɗi.

Wannan ya yi kama da yadda Bahaushe zai ce wane yana da ɗan abin hannunsa, alhali kowa ya san mutumin yana da tireloli goma a kan hanya. Muryar mai magana da kuma abin da ake magana a kai su ne ke nuna wanne ake nufi.

Inda ba a faɗinta

"Quid" ba zagi ba ce, ba kuma batsa ba ce. Likita na faɗinta, lauya na faɗinta, ɗan majalisa na faɗinta idan yana hira da abokansa, kamar yadda leburan gini ke faɗinta. A wannan fanni ta bambanta da yawancin kalmomin kan titi, waɗanda kan tsaya ga matasa ko ga wata unguwa, su yi 'yan shekaru su ɓace.

Amma kalma ce ta hira, ba ta takarda ba. Ba a rubuta ta a takardar yarjejeniyar haya, ko a cakin banki, ko a wasiƙar neman aiki, ko a takardar neman biza. Ɗalibin da ya sa ta a cikin jarrabawa ko kundin bincike, malaminsa zai ja mata layi.

Ministan kuɗi ba zai yi amfani da ita ba a lokacin da yake karanta kasafin kuɗi a gaban majalisa, kuma mai karanta labarai a rediyo ba zai faɗe ta ba sai dai idan yana ambato maganar wani. Washegari kuwa jaridu irin su The Sun da Daily Mirror, waɗanda ke rubutu da harshen talakawa, na iya amfani da ita wajen bayyana wa masu karatu abin da kasafin zai ƙara musu ko ya rage musu.

A wajen neman aiki ma akwai buƙatar lura. Idan aka tambayi mutum albashin da yake so, ya fi dacewa ya ambaci "pounds". Bayan ya kama aiki, idan ana tara kuɗin sayen kyauta ga abokin aikin da zai yi ritaya, a nan ne zai ji ana cewa kowa ya kawo "a couple of quid".

Su kuwa 'yan kasuwar musayar kuɗi suna da nasu sunayen. A rubuce suna amfani da haruffan GBP, a baki kuma su ce "sterling". Farashin fam a kan dalar Amurka kuwa suna kiransa "cable", saboda wayar tangarahu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a ƙarni na 19, wadda ta riƙa kai farashin tsakanin Landan da New York.

Ga mai fassara zuwa Hausa, babu wata wahala: "fam" zai ce. Abin da ke salwanta a fassarar shi ne sakin jikin da ke cikin maganar ta asali.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Kalmar ta haura shekaru 300 a cikin harshen Turanci. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka same ta a rubuce shi ne wani wasan kwaikwayo mai suna The Squire of Alsatia, wanda Thomas Shadwell ya rubuta a shekarar 1688.

Alsatia laƙabi ne na wata unguwa a Landan da ta yi ƙaurin suna a lokacin a matsayin maɓoyar ɓarayi da waɗanda bashi ya koro. Wasan cike yake da irin zaurancen mutanen wannan unguwa. Ke nan kalmar da manyan mutane ke faɗi a yau ba tare da jin kunya ba, a bakin 'yan damfara aka fara jin ta.

Masana harshe sun yi saɓani game da tushenta, amma bayanin da ya fi samun karɓuwa shi ne cewa daga harshen Latin ta fito. A wannan harshe "quid" na nufin "me" ko "wani abu".

Masu wannan ra'ayi na danganta ta da kalmomin "quid pro quo", wato wani abu a madadin wani abu, ko kuma ba ni gishiri in ba ka manda. Tun a ƙarni na 16 masu haɗa magunguna a Turai ke amfani da waɗannan kalmomi idan sun bayar da wani magani a maimakon wanda aka rubuta. Tun da shi kuɗi abu ne da ake bayarwa a karɓi wani abu, ba abin mamaki ba ne a ce daga nan sunan ya tsiro.

Ya kamata a lura cewa a Turancin yau "quid pro quo" ba ta da wata alaƙa da fam na Ingila. An yi ta jin waɗannan kalmomi a shekarar 2019, lokacin da majalisar wakilan Amurka ta tuhumi shugaba Donald Trump da jinkirta bai wa Ukraine tallafin soji domin neman ƙasar ta binciki abokin hamayyarsa Joe Biden. Abin da ake nufi a can shi ne musayar alfarma.

Akwai wasu bayanan kuma. Wasu na cewa daga harshen mutanen Ireland ta fito, inda kalmar "cuid" ke nufin rabo ko kaso, kuma ana amfani da ita idan mutum zai ce kuɗina. A cewarsu sojojin Ireland da suka yi aiki a rundunar Birtaniya ne suka shigo da ita. Wasu kuma na danganta ta da "scudo", wani tsohon kuɗin Italiya.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na wani ƙauye mai suna Quidhampton a kudancin Ingila, inda aka ce a can ake yin takardar da ake buga kuɗi da ita, har mutane suka gutsure sunan ƙauyen suka laƙaba wa fam.

Sai dai lissafin shekaru ya rushe wannan labari. An kafa Bankin Ingila ne a 1694, wato shekaru shida bayan wasan Shadwell, kuma bankin bai fara buga takardar fam guda ba sai a 1797. Kalmar ta girmi takardar da fiye da shekaru ɗari.

Akwai kuma wata kalmar "quid" a Turanci da ke nufin ɗan curin tabar da ake taunawa. Wannan ta samo asali ne daga kalmar da ke nufin tuƙar da shanu ke yi, kuma rubutu ne kawai ya haɗa su.

Zinariyar Afirka ta Yamma

Lokacin da kalmar ta fara bayyana, ba fam take nufi kai tsaye ba. Tana nufin wani kuɗin zinariya ne da ake kira "guinea".

An fara ƙera wannan kuɗi a 1663, zamanin sarki Charles na biyu, kuma an ba shi sunan ne saboda yawancin zinariyar daga gaɓar tekun Gini aka kwaso ta, musamman yankin da ya zama ƙasar Ghana a yau. Kamfanin da ke kawo zinariyar, wanda daga baya aka sani da suna Royal African Company, shi ne kuma ya yi safarar dubban bayi daga wannan gaɓa zuwa nahiyar Amurka. A jikin wasu daga cikin kuɗin akwai ɗan hoton giwa, wanda shi ne tambarin kamfanin.

Da farko darajar "guinea" fam guda ce, wato sule ashirin. Amma da yake farashin zinariya na hawa da sauka, darajarta ta riƙa canzawa, har sai a 1717 da aka tsayar da ita a kan sule ashirin da ɗaya, bisa shawarar Isaac Newton, masanin kimiyyar nan wanda a lokacin shi ne shugaban ma'aikatar ƙera kuɗi.

An daina ƙera ta a 1813. A 1817 aka fito da wani kuɗin zinariya mai suna "sovereign" wanda darajarsa fam guda ce daidai, kuma sunan "quid" ya koma kansa. Daga nan ya bi fam zuwa takarda, ya sake biyo shi zuwa ƙarfe.

Ita ma "guinea" ba ta mutu gaba ɗaya ba. A kasuwar gwanjon dawakin sukuwa ta Tattersalls da ke garin Newmarket an daɗe ana yin ciniki da sunanta, a kan fam ɗaya da kwabo biyar.

Waɗanda suka yi karatu a Masar ko Sudan sun san wannan kalma ba tare da sun ankara ba, domin daga gare ta ne Larabawa suka samo "junaih", sunan da suke kiran kuɗin waɗannan ƙasashe biyu, da ma fam na Ingila.

Fam, sule da sisi

Kafin shekarar 1971, lissafin kuɗin Birtaniya ba na goma-goma ba ne. Kwabo goma sha biyu ne sule guda, sule ashirin kuma fam guda, wato kwabo 240 ke nan a cikin kowane fam.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗaɗe yana da laƙabinsa a bakin talakawa. Sule shi ne "bob", sisi kuma "tanner". Ita ma "bob" ba ta ɗaukar harafin jam'i, shi ya sa ake kiran takardar sule goma "ten bob note".

A ranar 15 ga watan Fabrairun 1971 ƙasar ta koma lissafin kwabo ɗari a fam. Sule da sisi suka rasa gurbi a sabon lissafin, ko da yake an ci gaba da karɓar sisi har 1980, shi kuma tsohon sule ya yi ta yawo a matsayin kwabo biyar har 1990. Laƙabinsu ya dushe tare da su, in ban da a bakin tsofaffi da cikin karin magana.

"Quid" ta tsira ne saboda ba a taɓa fam ba. An sauya abin da ke ƙarƙashinsa, amma shi yana nan da sunansa da darajarsa.

Dattawa a arewacin Nijeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan tsari, domin da shi suka tashi. Tun daga zamanin hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912, har zuwa fam na Nijeriya da babban bankin ƙasar ya fara bugawa a 1959, da fam da sule da kwabo ake ciniki.

Hausawa ma sun yi wa kowane kuɗi nasa suna: anini, da ɗari, da kwabo, da taro, da sisi, da nai, da sule, da fataka. Wasu daga cikin sunayen Turanci ne aka lanƙwasa, kamar "kwabo" daga kalmar da ke nufin jan ƙarfe.

Da Nijeriya ta koma naira a ranar 1 ga watan Janairun 1973, a kan naira biyu kowane fam na Nijeriya, sunayen ba su tafi nan take ba. Sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar, kuma an daɗe a kasuwannin shanu da na goro ana ciniki da fam, ana nufin naira biyu. Jaka, wadda fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu.

Sannan sababbin laƙabi suka biyo baya, kamar Murtala ga takardar naira ashirin da aka fito da ita a 1977, da Wazobiya ga ta naira hamsin a 1991.

Sauran 'yan gidan

"Quid" ba ita kaɗai ba ce. Takardar fam biyar sunanta "fiver", ta fam goma kuma "tenner", kuma waɗannan biyun sun yaɗu kusan kamar ita.

Fam dubu shi ne "a grand", kuma a nan kuskure na iya yin tsada. Tazarar da ke tsakanin "five quid" da "five grand" fam 4,995 ce. Ita ma "grand" ba a ƙara mata "s". A tallace-tallacen aiki kuma akan ga harafin k bayan lamba, wanda shi ma dubu yake nufi.

Akwai wasu sunayen da aka fi ji a bakin 'yan kasuwar gabashin Landan, da dillalan motoci, da masu caca a filin sukuwa. Fam ashirin "score" ne, fam ɗari "ton". Fam ashirin da biyar "pony" ne, wato ƙaramin doki irin wanda Hausawa ke kira ƙuru, fam ɗari biyar kuwa "monkey", wato biri.

Akan ce sojojin da suka dawo daga Indiya ne suka kawo sunan birin, wai saboda akwai hotonsa a jikin wata takardar rupi ɗari biyar. Labari ne da ake yawan maimaitawa, amma masana harshe na ɗaukarsa a matsayin shaci-faɗi.

Mutanen gabashin Landan, waɗanda ake kira Cockney, suna da wani irin zaurance inda ake maye gurbin kalma da wasu kalmomin da ƙarshensu ya yi amo ɗaya da ita. Ta haka "fiver" ta zama "Lady Godiva", sunan wata basarakiya ta ƙarni na 11, "tenner" kuma ta zama "Ayrton", daga sunan Ayrton Senna, direban tseren motoci ɗan ƙasar Brazil da ya rasu a 1994.

Baƙo ba ya buƙatar amfani da waɗannan, kuma idan ya gwada, dariya zai jawo wa kansa. Ya isa ya gane su idan ya ji.

Shi kansa kuɗi a dunƙule yana da sunaye kamar "dosh", da "dough", da "bread", da "brass" a arewacin Ingila, kamar dai yadda Hausawa ke cewa masu gidan rana. Waɗannan ba a ƙirga su: ba a cewa "ten dosh".

A wajen Birtaniya

Kalmar ta bi fam zuwa ƙasashen da suka yi amfani da shi, kuma a wasu wuraren ta ci gaba da rayuwa bayan tafiyarsa.

A Jamhuriyar Ireland an daina amfani da fam na ƙasar a farkon 2002, aka koma kuɗin euro. Amma mutane suka ɗauki tsohon sunan suka ɗora wa sabon kuɗin. Don haka "twenty quid" a Dublin euro ashirin ne, a Belfast kuwa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, fam ashirin ne. Matafiyi tsakanin biranen biyu sai ya kula.

Ostireliya ta bar fam ta koma dala a 1966, New Zealand kuma a 1967. A can kalmar ta saura ne a cikin karin magana. "Make a quid" na nufin neman abin sakawa a bakin salati. Idan kuwa aka ce mutum "not the full quid" ne, ana nufin hankalinsa bai cika ba, wato fam ne da bai kai sule ashirin ba.

A Kenya kuma "bob" ce ta samu gindin zama, inda ake kiran shilin ƙasar da ita.

Amurkawa ba sa cewa "quid". Tasu kalmar ita ce "buck", wadda ke nufin dala guda, kuma akasarin masana na danganta ta da fatar barewa da aka riƙa musayar kaya da ita tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da 'yan asalin ƙasar a ƙarni na 18. Saɓanin ta Ingila, ita tana ɗaukar jam'i: "ten bucks".

Me "quid" guda ke saye?

Siffar abin da ake kira da wannan suna ta canza sau da dama. A ranar 21 ga watan Afrilun 1983 aka fito da ƙwandalar fam guda, saboda takardar ba ta daɗewa take yagewa, kuma a 1988 Bankin Ingila ya janye takardar baki ɗaya.

Ita ma wannan ƙwandala an maye gurbinta a watan Maris na 2017 da wata mai kusurwa goma sha biyu da launi biyu, bayan da ma'aikatar ƙera kuɗi ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowace talatin da ke hannun jama'a jabu ce. An daina karɓar tsohuwar a kantuna a watan Oktoba na wannan shekarar.

Darajarta ma ta zaizaye. Lokacin da aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi a Birtaniya a watan Afrilun 1999, fam uku da kwabo sittin ne ladan aikin awa guda ga babban mutum. A watan Afrilun 2024 ya kai fam goma sha ɗaya da kwabo arba'in da huɗu, wato ma'aikaci mafi ƙarancin albashi a wancan lokaci yana samun "quid" guda a cikin minti biyar da ɗoriya.

Kantunan Poundland, waɗanda aka buɗe a 1990 da alƙawarin sayar da kowane kaya a kan fam guda, daga baya sun shigo da kayayyaki masu wasu farashin, domin abubuwan da fam ɗaya zai iya saye sun ragu.

Amma ga wanda ke aika wa ɗansa kuɗin makaranta daga Kano ko Kaduna, lissafin ya sha bamban. A shekarar 2024 fam guda ya haura naira 2,000, saboda haka abin da ɗalibi zai kira "twenty quid" a waya, kamar ba komai ba, ya wuce naira 40,000 a wajen mahaifinsa a wancan lokaci.

Tun a 2017 biyan kuɗi da katin banki ya zarce biya da tsabar kuɗi a Birtaniya, kuma motocin bas na Landan sun daina karɓar tsaba tun 2014. Ɗaya daga cikin wuraren da ake neman ƙwandalar kanta shi ne ƙofar manyan kantuna, inda a wasunsu sai mutum ya zura fam guda kafin ya iya zare amalanken zuba kaya, ya karɓi abinsa idan ya mayar.

A watan Agustan 2024 ne aka fara sakin ƙwandalar fam guda mai ɗauke da hoton sarki Charles na uku, da zanen ƙudan zuma biyu a bayanta.